Silsilar Fuskoki: Yadda 'Yan Wasa Suke Haɗa Tsofaffin Fina-finai

Duk wanda ya saba zama da masu kallon fim a ƙasar Hausa, ko a manyan birane irin su Kano da Zariya, ko a garuruwan bakin iyaka irin su Zangon Daura, ya san cewa idan aka ambaci wani fim wanda mutum bai taɓa gani ba, tambayar da take fara fitowa daga bakinsa ita ce, "Wa ke ciki?" Ba kasafai za ka ji an tambayi wanda ya rubuta labarin ba, balle wanda ya ba da umarni, ko kamfanin da ya zuba dukiyarsa, abin da mai tambaya yake so ya ji shi ne sunan wata fuska da ya riga ya sani, domin da zarar an faɗa masa sunan, ya san irin labarin da zai tarar, ya san ko faɗa za a yi ko kuka, ya kuma yanke wa kansa hukuncin ko abin ya cancanci kuɗinsa da darensa. Wannan ɗabi'a, wadda wasu 'yan boko suke ɗauka alamar ƙarancin sani ce, ita ce hanyar da jama'armu suka bi suka adana tarihin fina-finai na fiye da shekara 70 a cikin ƙirazansu, alhali kuwa ba wanda ya wallafa musu littafi a kan haka, ba kuma wanda ya gina musu ma'adana.

Mutanen Zango ba baƙi ba ne ga ilmin silsila. Garin nasu yana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 5 na masarautar Daura, tare da Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, kuma a cikinsa ne zuriyar sarakunan Haɓe suka zauna bayan jihadi ya fitar da su daga birni, har zuwa farkon zamanin Turawa lokacin da aka mayar da Malam Musa kan gadon kakanninsa. Daga gare shi sarauta ta koma ga Abdurrahman a 1911, sa'an nan ga Muhammadu Bashar a 1966, sa'an nan ga Umar Faruk Umar a 2007. Maroƙin fada yana jero waɗannan sunaye ba tare da takarda ba, kamar yadda almajirin zaure yake faɗin malaminsa da malamin malaminsa, kamar kuma yadda malaman hadisi ba sa karɓar riwaya sai sun ji isnadinta, wato wane ya karɓa daga wane. Ba muna daidaita wasan kwaikwayo da ilmin addini ba ne, Allah Ya kiyaye. Hanyar riƙon kaɗai muke nufi, domin al'ummar da ta saba riƙe abu ta hanyar jera mutanen da ya ratsa ta hannunsu, ba abin mamaki ba ne idan ta riƙe fina-finai ta hanyar jera fuskokin da suka fito a cikinsu.

Fina-finan da muke magana a kansu ɗabaƙa biyu ne. Ta farko ita ce ta waɗanda zamani ya tace, aka yi ijma'i a kan darajarsu, har ya zama ko wanda bai gan su ba yana jin nauyin ya ce bai san su ba, irin su Mother India da Sholay da Shehu Umar. Ta biyu kuwa ita ce ta waɗanda masana ba su cika yabo ba, amma suka sami wata jama'a ta musamman wadda ta ɗauke su tamkar wuridi, tana maimaita kallonsu shekara da shekaru har ta haddace maganganun da ke ciki; a nan ne za a sa fina-finan macizai na Indiya, da fina-finan faɗa na Hongkong waɗanda muke kira Canis, da barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro. Abin lura shi ne ɗan wasa ba ruwansa da wannan iyaka da masana suka shata, yana ƙetare ta duk lokacin da aka biya shi ladan aikinsa. Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin ɗa mai taurin kai a Mother India na 1957, shi ne kuma ya fito a Nagin na 1976, inda macijiya take bin waɗanda suka kashe mata miji tana ɗaukar fansa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka mai kallon da ya bi fuskarsa ya shiga ɗabaƙa biyun duka ba tare da ya san ya tsallaka wata iyaka ba.

Kafin a gina gidajen silima, majigi ne ya fara kai hoto mai motsi ƙauyukan Arewa, motar hukuma ta zo da magariba ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, a nuna wa jama'a yadda ake noman auduga da kiwon lafiya, kuma har yau tsofaffi ba su manta da fim ɗin Baban Larai ba. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, daga baya aka sami Palace da Queens da Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, kuma Kwarorin da suka mallaki yawancinsu su ne suka fara shigo da fina-finan Indiya a shekarun 1950, suka ga ashe nan ne kasuwa take. Mutumin ƙasar Daura a wancan zamani sai fatauci ko cin rani ya kai shi birni yake ganin silima, idan ya komo gida kuma ya zama marawaici, samari su kewaye shi a dandali yana ba su labari. Da yake ba ya jin Indiyanci, sunan fim yakan kuɓuce masa, amma ba ya manta dogon nan mai kakkaurar murya, ko ƙaton nan mai dukan mutum goma shi kaɗai. Da na'urar bidiyo ta yawaita a shekarun 1980 da 1990, sai silima ta taso da kanta ta zo har cikin unguwa.

Wanda ya taɓa shiga gidan kallo na irin waɗannan garuruwa ya san fasalinsa: fili ne da aka kewaye da zana ko langa-langa, an jera bencina a kan rairayi, an ɗora talabijin a kan tebur mai tsawo, janareta yana ruri a bayan katanga, mai gyaɗa da mai rake suna zaune a bakin ƙofa kusa da 'yar fitilarsu. A jikin zanar akwai baƙin allo wanda aka rubuta wa shirin dare da alli, kuma sau da yawa sunan fim ƙarami ne a ƙasa, sunayen 'yan wasa ne manya a sama. Yaro zai zo da kuɗinsa a dunƙule a hannu, ya tsaya gaban mai karɓar kuɗi ya ce, "Yaya, wane ne akta yau?" Shi kuwa ya ce, "Amita ne da Sarkin Ƙarfi, ƙanena." Yaron ya sake cewa, "To, wa ye bos?" Idan aka ce masa mai gemun nan ne na cikin duwatsu, ba ya ƙara wata magana, sai ya miƙa kuɗi ya nemi benci na gaba. Wannan yaro bai san an yi Sholay a 1975 ba, bai taɓa jin sunan Ramesh Sippy wanda ya ba da umarni ba, amma ya san Amitabh Bachchan da Dharmendra da Amjad Khan sani na haƙiƙa, ya kuma san a waɗanne fina-finai suka sake haɗuwa.

Silsilar Indiya ita ce mafi tsawo a wurinmu, kuma mafi sauƙin bi, domin sana'ar fim a Bombai ta gidaje ce, ɗa yana gadon uba. Prithviraj Kapoor ya fito a Awaara na 1951 a matsayin alƙali, ɗansa na cikinsa Raj Kapoor ya fito a matsayin ɗan da alƙalin ya yasar, Nargis kuma ita ce budurwar. Bayan shekara 6 Nargis ta zama uwar da ta harbe ɗanta saboda mutuncin ƙauye a Mother India na Mehboob Khan. Ana cikin ɗaukar fim ɗin wuta ta rutsa da ita, Sunil Dutt ya kutsa ya fitar da ita, suka yi aure a 1958, suka haifi Sanjay Dutt, wanda samarin Kano suka yi wa laƙabi da Ɗan Daba Mai Lasin, wanda kuma Khalnayak na 1993 ya ƙara wa suna. Ta ɗaya ɓangaren, Raj Kapoor ya haifi Rishi Kapoor, wanda Hausawa suka kira Mace saboda laushin fuskarsa, shi ne Akbar a cikin Amar Akbar Anthony na 1977, inda ya haɗu da Amitabh da Vinod Khanna a matsayin 'yan'uwa uku da ƙaddara ta raba, kowanne ya tashi a hannun ma'abota wani addini dabam.

Akwai kuma silsilar da ba ta jini ba ce, ta haɗuwa a aiki ce, kuma ita ce ta fi ban sha'awa ga mai tahaƙiƙi. Prithviraj ya zama Sarki Akbar a Mughal-e-Azam na 1960, Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, ya zama ɗansa Yarima Salim mai saɓa wa uba saboda son kuyanga. A 1982 sai rawani ya juya, Dilip Kumar ya zama uba ɗan sanda a cikin Shakti, Amitabh ya zama ɗan da ya bijire. A 2000 da 2001 kuma Amitabh ya zama dattijo mai tsanani a Mohabbatein da Kabhi Khushi Kabhie Gham, Shah Rukh Khan yana gabansa yana jayayya da shi a kan soyayya. Ga shekara 40 ke nan ana ba da labari guda, na uba mai riƙon ƙa'ida da ɗa mai bin zuciya, kowane ɗa yana girma ya zama uban na bayansa, kuma la'alla wannan ne sirrin da ya sa Bahaushe, wanda ya san nauyin biyayyar iyaye da ɗacin auren tilas, ya ga kansa a cikin waɗannan mutane da ba ya jin harshensu. Miyagu ma suna da tasu silsilar. Amrish Puri, mai manyan idanu, shi ne boka mai busa wa maciji a Nagina na 1986, shi ne Mogambo a Mr. India na 1987, shi ne uban yarinya a Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, kuma shi ne Amurkawa suka ɗauka ya zama abokin gabar Harrison Ford a fim ɗin Indiana Jones na 1984.

Masu son Canis su ma suna da shehinsu, wato Bruce Lee, wanda ya rasu a watan Yuli na 1973 yana da shekara 32, bai ga irin karɓuwar da Enter the Dragon ya samu a duniya ba. Daga wannan fim guda rassa da yawa suka fita. Sammo Hung shi ne wanda Bruce Lee ya kayar a faɗan farko. Jackie Chan, wanda a lokacin ba a san shi ba, yana cikin masu gadin da aka karya a ƙarƙashin ƙasa. Bolo Yeung mai faɗin ƙirji kuwa ya sake bayyana bayan shekara 15 a Bloodsport na 1988, inda ya zama babban bos a gaban Van Damme. Kafin wannan, a Way of the Dragon na 1972, Bruce Lee ya gwabza da Chuck Norris a tsohon dandalin birnin Rum, faɗan da samarinmu suka daɗe suna kwaikwayo a bakin rafi. A 2012 aka tara Chuck Norris da Van Damme da Sylvester Stallone da Arnold Schwarzenegger a The Expendables 2, duk sun manyanta, kuma masu shirya fim ɗin sun san sarai cewa tsohuwar ƙauna suke sayarwa, ga mutanen da har gobe ba sa kiran waɗancan biyun na ƙarshe sai da Rambo da Kwamando.

Akwai wata fuska guda wadda gidajen da ba sa yarda da fim ma suka buɗe wa ƙofa, ita ce ta Anthony Quinn, haifaffen ƙasar Meziko. A 1976 Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Sham, ya fitar da fim a kan farkon Musulunci, wanda ya ɗauka a Maroko da Libiya sau biyu a lokaci guda, ɗaya da Larabci mai suna Ar-Risala, ɗaya da Turanci mai suna The Message, kowanne da 'yan wasansa, ba tare da an nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko an ji muryarsa ba. A na Turancin Quinn ne Sayyidina Hamza, Irene Papas ta ƙasar Girka ita ce Hindu matar Abu Sufyan, Johnny Sekka haifaffen Dakar shi ne Bilal. A na Larabcin kuwa Abdullahi Gaith na Masar ne Hamza. Da Akkad ya tashi yin Lion of the Desert, wanda ya fito a 1981, sai ya sake kiran Quinn ya zama Umar Mukhtar, malamin allon da ya yaƙi Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931, ya kuma sake kiran Irene Papas. Wanda ya bi Quinn baya zai same shi a Lawrence of Arabia na 1962 tare da Umar Sharif, wanda ya bi Sekka kuma zai same shi a Khartoum na 1966, fim ɗin da ya ba da labarin Mahadin Sudan ta mahangar Ingilishi.

Tun da Zango tana kan iyaka ne, wajibi ne mu leƙa Nijar, inda aka sami misali mafi ban mamaki na yadda fuskar ɗan wasa take tafiya. A 1958 Bafaranshe Jean Rouch ya fitar da Moi, un noir, a kan samarin Nijar 'yan cin rani a unguwar Treichville ta Abijan, waɗanda saboda yawan shiga silima suka raɗa wa kansu sunayen taurarin Turawa. Babban ɗan wasan, Umaru Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙi a Indocina ya dawo yana dako a tashar jirgin ruwa, ya kira kansa Edward G. Robinson. Wannan ɗan dako shi ne ya koma Yamai ya zama mai shirya fim, ya yi Cabascabo a kan sojan da ya dawo gida abokai suka cinye masa kuɗi, ya kuma yi Le Wazzou polygame a kan Alhajin da ya ƙara aure, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. A duka biyun akwai Zalika Sule, wadda ta fara fitowa a Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan a 1966, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye. Ta rasu a 2021, kuma wanda ya jera fina-finanta ya jera kusan dukan tarihin silimar Nijar ta farko.

Idan muka komo gida, silsilarmu ta fara ne daga rediyo da talabijin da dandamalin makarantu. Littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, Umaru Ladan ne ya mayar da shi wasan kwaikwayo tare da Dexter Lyndersay, kuma shi ne ya hau matsayin Shehun a fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976. Daga Katsina aka sami Umaru Ɗanjuma, wanda duniya ta fi sani da Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, wanda Brendan Shehu ya mayar fim a farkon shekarun 1990. Daga Kaduna aka sami Usman Baba Pategi, tsohon soja, wato Samanja Mazan Fama, da Ƙasimu Yero na wasan Karambana, wanda ya rasu a 2017. Shi Ƙasimu Yero mahaɗa ce babba, domin ya fito a Cock Crow at Dawn na gidan talabijin na ƙasa tare da Sadiq Daba da Ene Oloja. Sadiq Daba ya zama Sufeto Ɗanladi Waziri a October 1 na Kunle Afolayan a 2014, Ene Oloja kuwa ta fito tare da Jodie Foster a The Brave One na 2007 a Amurka. Taki biyu ke nan tsakanin Karambana da Hollywood.

Zamanin bidiyo ya buɗe da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, inda Ibrahim Mandawari ya fito, sa'an nan aka yi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, har aka zo kan Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999, wanda ya haɗa Ali Nuhu da Fati Muhammad a matsayin Zubaina, da Wasila na 2000. Wanda ya duba wannan zamani da idon basira zai ga cewa silsilar maza doguwa ce, ta mata kuwa gajera, saboda al'ada ta gudana a kan cewa yarinya tana yin aure take barin fim, sai a nemo wata sabuwa a haɗa ta da jarumin jiya. Waɗanda suka daɗe daga cikin mata su ne masu fitowa iyaye, irin su Hajara Usman da marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso. Ajali ma ya yanke wasu rassan tun suna ɗanye: haɗarin mota ya ɗauke Balaraba Muhammad a 2003, da Ahmad S. Nuhu a ranar farko ta 2007, da Hauwa Ali Dodo a 2010, Ibro kuma ya rasu a watan Disamba na 2014, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Duk da haka igiyar ba ta tsinke ba, ga Rabi'u Rikadawa, wanda masu kallon talabijin na Kaduna suka sani da Dila, ya zama Baba Ɗan Audu a Labarina, ga kuma Ali Nuhu a Izzar So, wanda yara suke kallo a waya.

A 1994 wasu ɗalibai 3 na kwalejin Albright a Amurka suka ƙago wani wasa, suka yi da'awar cewa kowane ɗan wasa ana iya sadar da shi ga Kevin Bacon ta hanyar waɗanda suka yi fim tare, a taki 6 ko ƙasa da haka. Mu gwada irinsa da namu. Fati Muhammad ta fito da Ali Nuhu a Sangaya. Ali Nuhu ya fito da Rahama Sadau a Gani Ga Wane na 2013. Rahama Sadau ta je Indiya ta fito a kashi na biyu na Khuda Haafiz a 2022 tare da Vidyut Jammwal. Shi kuma ya fito da Ajay Devgn a Baadshaho na 2017. Ajay Devgn ya fito da Amitabh a Khakee na 2004. Amitabh da Dilip Kumar a Shakti. Dilip Kumar da Prithviraj Kapoor a Mughal-e-Azam. Isnadi ne muttasili, babu yankewa a cikinsa, daga Zubaina, kuyangar gidan sarautar Hausa a Sangaya, har zuwa fadar Sarki Akbar. Ta wata hanyar kuma, Ali Nuhu ya fito a Last Flight to Abuja na 2012 tare da Hakeem Kae-Kazim, wanda ya fito da Don Cheadle a Hotel Rwanda na 2004.

To, amma adalci ya wajabta a faɗi aibin wannan hanya kamar yadda aka faɗi amfaninta. Na farko, tana danne haƙƙin waɗanda ba a ganin fuskarsu. Waƙoƙin da suka sa mutane kuka a silimar Plaza ba jaruman ne suka rera su ba, muryoyin Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar da Kishore Kumar ne, jarumi motsa baki kawai yake yi, haka kuma abin yake a fina-finan Hausa. Labarin Sholay kuwa Salim Khan da Javed Akhtar ne suka rubuta shi, amma a nan an fi sanin Salim, in ma an san shi, da cewa shi ne mahaifin Salman Khan. Na biyu, da 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata a Kano suka fahimci cewa fuskar da ke jikin kwali ita ce take sayar da fim, sai suka riƙa gindaya wa masu shiryawa sharaɗin a sa wane da wance, wannan ya sa mutum guda ya fito a fina-finai barkatai a shekara, sababbin 'yan wasa suka rasa ƙofar shiga, labari kuma ya zama abin da ake ɗinkawa daidai jikin jarumi. Na uku, wanda ya saba fitowa mugu yakan sha zagi a kasuwa, domin wasu masu kallo ba sa rarrabe mutum da rigar da aka ba shi aro.

Babbar musibar da ke tafe ita ce ta ɓacewa. Fim ɗin Shehu Umar ya yi shekaru da dama ana jin sunansa ba a ganinsa, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'adanar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Wannan ya yi sa'a, domin na hukuma ne. Fina-finan bidiyo na shekarun 1990 kuwa a kan kaset aka yi su, kaset kuma ba ya jure zafi da ƙura da gara, kamfanonin da suka yi su da yawa sun rufe, masu shagon haya sun zubar da kayansu da faifan CD ya zo, masu CD su ma suka zubar da nasu da aka koma tura fim a waya. Abin da ake samu a YouTube sau da yawa guntu ne mai dishi-dishi, an yanke farkonsa inda sunayen ma'aikata suke. Idan aka cire tsofaffin kofen mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, da irinta Tauraruwa, babu abin da ya rage na shaida sai haddar waɗanda suka kalla, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos, wadda tun watan Janairu na 2024 Ali Nuhu ne yake shugabancinta, da sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da su tashi su tattara waɗannan kaset-kaset tun ana samunsu, su rubuta kowane fim da shekararsa da sunan duk wanda ya yi aiki a cikinsa, na gaban kyamara da na bayanta. Kai kuma mai karatu, ko a Zango kake ko a Damagaram, idan akwai tsohon kaset a ƙarƙashin gadon gidanku kada ka bari a zubar da shi, ka adana kwalinsa ma, domin a jikinsa aka rubuta sunaye. Idan kuma akwai dattijon da ya taɓa riƙe gidan kallo ko shagon haya a unguwarku, ka je ka gaishe shi da takarda da alƙalami, ka rubuta abin da ya sani tun yana da ƙarfin faɗa.